Sabon Albarushi, Tsohon Hannu

Yau za mu ɗan yi nisa da gida, mu leƙa Amurka, cikin garejin wani dattijo da ya shekara talatin yana ɗura harsashin bindigarsa da hannunsa. Ba wani mutum takamaimai muke nufi ba, irinsa suna da yawa a ƙasar. Ya je kanti neman albarushin da ya saba da shi, mai kanti ya ce babu, kuma bai san ranar zuwansa ba. Ga dai wani a kan kanta, an ce ya fi tsafta, ba ya barin baƙi a bindiga. Dattijo ya saya ya kawo gida. Abin da zai yi da wannan gwangwani shi ne maganarmu ta yau, domin a ganinmu daga lokacin da ya buɗe murfin nan, rabin abin da ya sani ya daina aiki, kuma wannan rabin shi ne zai fi saurin cutar da shi.

Sai mun fara bayyana sana'ar kafin a gane inda muka dosa. Harsashi abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso na tagulla, akwai ɗan maɓallin da ke gindinsa wanda ke ba da tartsatsi idan an buge shi, suna kiransa firaima, akwai albarushi a ciki, sai kan harsashi na dalma da ke toshe bakin. Idan an harba, uku sun tafi, kwanso ya rage, kuma shi ne mafi tsada a cikinsu. Shi ya sa dubban mutane a can suke tara kwansonsu, su wanke, su sa sabon firaima, su auna albarushi, su dasa sabon kai. Doka ta yarje musu. Mu a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi a gidansa, don haka 'yan kallo ne mu a wannan fage. Masu libarba, wato ƙaramar bindigar nan mai ganga da ke juyawa, sun fi kowa son sana'ar, saboda ita ba ta watsar da kwanso ƙasa kamar sauran ƙananan bindigogi. Yana nan cikin gangar har mai ita ya zazzage shi a tafin hannunsa.

Albarushin da muka sani shi ne baƙin nan na maharba da na 'yan bindiga a hawan sallah, mai turnuƙe wuri da hayaƙi. Shi ana iya auna shi da gwargwado, kamar yadda ake awon hatsi. Wanda dattijonmu ya sayo wani abu ne daban. A 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, kuma daga shi aka samu ɗaruruwan ire-iren da ke kasuwa yau. Ba fashewa yake yi ba, ci yake yi kamar wuta a ciyawa, sai dai cikin sauri na ban mamaki, yana sakin iska mai zafi da ke tunkuɗa kan harsashi. Duk abin yana ƙarewa cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Wani iri yana ci da sauri, wani a hankali, gwargwadon siffar ƙwayoyinsa da abin da aka shafe su da shi. Akwai masu kama da ɓawon kifi, akwai masu kama da ƙananan ƙwallaye, akwai masu kama da guntayen tsinke. Mai saurin ci kaɗan ake sawa, mai jinkiri ana sa shi da yawa. Wanda ya ɗauki awon mai jinkiri ya zuba mai sauri, to ya haɗa wa kansa bam a tafin hannu.

Bari mu sa lamba a kan maganar don kada a ɗauka zuzutawa ce. Ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera makamai da harsasai na Amurka suka kafa a 1926, ita ke yanke iyakar matsin da kowane irin harsashi zai iya yi a cikin bindiga. Na .38 Special iyakarsa fam 17,000 a kan kowane murabba'in inci. Na .357 Magnum 35,000, na .44 Magnum kuma 36,000. Mai faci idan ya ba tayar mota iska, fam talatin da 'yan kai yake ba ta. Ke nan abin da ke faruwa cikin gangar Magnum ya ninka tayar mota sau dubu, kuma tsakaninsa da yatsun mai harbi babu komai sai ƙarfen da kaurinsa bai kai na fensir ba. Shi kuwa albarushin da ke haifar da wannan matsi, da giren ake auna shi. Giren 7,000 ne ke yin fam ɗaya, giram ɗaya kuma ya ɗan haura giren goma sha biyar. Sikelin masu wannan sana'a yana karanta kashi ɗaya bisa goma na giren, kuma a wasu albarusan masu saurin ci, tazarar da ke tsakanin awon farawa da awon ƙarshe ba ta kai giren guda ba.

Ga inda libarba ta fi zama tarko. Yawancin shahararrun harsasanta an ƙirƙiro su ne a zamanin baƙin albarushi. Na .45 Colt ya fito a 1873, na .38 Special a 1898. An yi musu kwanso mai faɗin ciki saboda baƙin albarushi yana buƙatar wuri. Da aka koma marar hayaƙi, kwanson bai canja ba, amma abin da ake zubawa ya koma ɗan mitsitsi a can ƙasa, kamar cokalin sukari a kofin shayi. Mutum zai iya zuba awo biyu a kwanso ɗaya, ya leƙa, bai ga wani bambanci ba, ya dasa kai ya wuce. Wannan kuskure shi ya fi kowane fasa libarba. Gangar ta tsage, ƙarfen da ke samanta ya ɗage ko ya yi tsalle. Masana'antu sun san da matsalar, har aka fito da wani albarushi mai suna Trail Boss a 2005, wanda ƙwayoyinsa ke da rami a tsakiya kamar zobe, don ya cika kwanso da ɗan nauyi kaɗan, ta yadda awo biyu zai nuna kansa.

To ina shekaru talatin ɗin dattijonmu suka shigo? Idonsa ya saba da inda tsohon albarushi ke tsayawa a cikin kwanso. Hannunsa ya saba da ma'aunin da ke zuba masa awo, wanda ya saita tun shekarun baya bai sake taɓawa ba. Wannan ma'auni kuwa mudu ne, ba sikeli ba: cika yake aunawa, ba ya auna nauyi. Kowa ya san mudun gero da mudun dusa ba nauyinsu ɗaya ba. Idan sabon albarushin ya fi tsohon tauri da nauyi, ma'aunin zai zuba abin da ido zai ce daidai ne, alhali ya zarce iyaka. Sabon shiga ba zai faɗa wannan rami ba, domin shi tsoro bai bar shi ya yarda da idonsa ba, kowane awo sai ya ɗora a sikeli. Gwani ne ke cewa ai na san wannan aiki. Hausawa suka ce sabo turken wawa, kuma ba mu san inda karin maganar ya fi dacewa ba kamar teburin ɗura harsashi.

Akwai kuma ruɗin suna. Kamfanoni suna fitar da jadawalin da ke jera albarusai daga mafi saurin ci zuwa mafi jinkiri, sai mutum ya ga sabon nasa yana maƙwabtaka da tsohon, ya ce ai ɗan'uwansa ne, awonsu zai zo ɗaya. Jadawalin jeri kawai ya nuna, bai faɗi tazarar da ke tsakani ba, kuma jadawalin wannan kamfani yakan saɓa da na wancan. Wasu albarusan ma lambarsu ɗaya, harafin gaba ne ya raba su, kamar IMR 4350 da H4350 na dogayen bindigogi, amma kowanne da nasa awon. Wasu kuma sunansu bai yi kama ba ko kaɗan alhali abu ɗaya ne a gwangwani biyu, kamar H110 da Winchester 296. Mutum ba zai gane wannan da ido ko da hankali ba, sai dai wanda ya yi albarushin ya faɗa masa. Kama da wane ba ta wane.

Ra'ayinmu dai shi ne, duk wanda ya canja albarushi ya koma ɗan koyo. Ya nemi littafin awo na kwanan nan, ko abin da kamfanin albarushin ya wallafa, ya sami layin da ya dace da harsashinsa da nauyin kan da zai dasa, ya fara daga awon ƙasa, ya hau a hankali, kada ya wuce inda aka ja layi.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce: da kowa ya tsaya inda littafi ya tsaya, da ba a sami Magnum ba. Za a kawo mana Elmer Keith. Makiyayi ne kuma maharbi da ya zauna a jihar Idaho, an haife shi a 1899, ya rasu a 1984, kuma har yau masu libarba suna ambatonsa kamar yadda 'yan dambe ke ambaton tsofaffin zakaru. Shekara da shekaru yana cusa wa harsashin .44 Special albarushin Hercules 2400 fiye da abin da masana'anta ke sawa, yana rubutu a mujallu, yana matsa wa kamfanoni lamba su fitar da irinsa. A ƙarshe Smith & Wesson da Remington suka saurare shi, .44 Magnum ya fito a tsakiyar shekarun 1950. Ita ce bindigar da Clint Eastwood ya riƙe a fim ɗin Dirty Harry na 1971, har kantuna suka rasa ta saboda masu nema. Kafin nan ma yana cikin waɗanda gwaje-gwajensu suka share fagen .357 Magnum a 1935. Duk wannan gaskiya ne, ba mu musa ba.

Sai dai masu kawo labarin Keith sukan tsallake farkonsa da ƙarshensa. Farkonsa shi ne, a shekarun 1920 ya fasa wata Colt mai cin .45 a hannunsa, da harsashin da ya ɗura da kansa. Abin da ya sa ya koma .44 ke nan, domin ramin .44 ya fi ƙanƙanta, don haka ƙarfen da ya rage a jikin gangar ya fi kauri. Wato shi kansa darasin da ya ɗauka daga fashewar shi ne ƙarfe yana da iyaka. Ƙarshensa kuwa, lokacin da kamfanonin suka karɓi ra'ayinsa, ba su ce kowa ya je ya cika tsohuwar bindigarsa ba. Sun ƙera sabuwar bindiga mai ƙarfi, sun gwada matsin a ɗakin gwaji, sannan suka ƙara wa kwanson tsawo da kimanin milimita uku, don kada sabon harsashin ya shiga tsohuwar ganga ko da mutum ya so. Haka aka yi wa .357 a kan .38. Wannan milimita uku shaida ce cewa waɗanda suka fi kowa sanin aikin ba su yarda da hankalin mai harbi ba, sai da suka sa masa shinge na ƙarfe. Akwai ma wani abu da ba a cika faɗa ba. Da aka daina yin tsohon samfurin kwanso mai faɗin ciki aka koma mai kaurin gindi, Keith da kansa ya rage awonsa, domin wuri ya ragu, matsi zai ƙaru. Kwanso kawai aka canja masa ya ja baya, balle a ce albarushin ne.

Kuma Keith ya yi zamani ne da mutum ba shi da wata hanya sai gwaji. Yau kamfanoni irin su Hodgdon, wanda Bruce Hodgdon ya fara a 1947 da sayar da ragowar albarushin yaƙin duniya na biyu, suna da na'urorin auna matsi, kuma suna ba da sakamakon kyauta. Wanda ya bar wannan ya ce zai gano iyaka da kansa, me zai gano wanda ba a riga an gano ba?

Wasu za su ce ai bindiga tana gargaɗi kafin ta fashe: firaima ya baje, kwanso ya maƙale a ganga ya ƙi fita. A dogayen bindigogi akwai ƙamshin gaskiya a maganar. A libarba kuwa, musamman mai ƙaramin matsi irin .38 Special, alamun nan ba sa fitowa da wuri. Tagullar kwanso tana jure abin da ya fi fam 17,000 nesa ba kusa ba, don haka ranar da ta nuna gajiya, an daɗe da wuce abin da aka ƙera bindigar ta ɗauka. Bindigar ma ba lallai ta fashe a ranar ba. Tana iya yin shekara tana sassautawa a ɓoye, mai ita yana ta yabon awonsa.

Abin da ya fi ba mu mamaki da muka bi wannan batu shi ne, tsoro ma yana da nasa haɗarin. Mai hankali zai ce to bari in rage sosai in huta. Amma wasu albarusan masu jinkirin ci, irin H110, ba sa kamawa da kyau idan an rage su ƙasa da awon da aka wallafa, kuma kamfanin da kansa ya yi gargaɗi a kan haka. Sai firaima ya tashi, albarushi ya ƙi ci, kan harsashi ya tafi rabin bututu ya tsaya. A libarba babu abin da zai hana mutum sake jan kunama, ganga ta juyo da sabon harsashi, ya tarar da ɗan'uwansa a hanya. Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Bruce Lee ya san ɗansa Brandon. A ranar 31 ga Maris 1993, ana ɗaukar fim ɗin The Crow a jihar North Carolina, aka harbe shi da libarba mai cin .44 Magnum wadda kowa ya ɗauka babu komai a cikinta sai harsashin ƙara. Abin da ya faru shi ne, tun kafin ranar an haɗa harsasan ado ta hanyar zubar da albarushinsu aka mayar da kai, amma aka bar firaima da rai. Aka ja kunama a kan ɗaya, ƙarfin firaima kaɗai ya tura kan cikin bututu ya maƙale, ba wanda ya duba. Da aka zo aka harba harsashin ƙara, ya fito da shi kamar harbin gaske. Yana da shekara 28. Ba gwajin sabon albarushi ba ne ya kashe shi, amma irin wannan maƙalewar ce ke jiran wanda ya rage awo da ka.

Kada kuma a ce mun mayar da littafi abin da ba ya kuskure. Tsofaffin littattafan awo na shekarun 1960 da 1970 suna ɗauke da lambobin da na yanzu suka rage, domin a da ana auna matsi ne ta hanyar duba yadda wani ɗan guntun jan ƙarfe ya lotse, yanzu kuma na'urar lantarki ce ke zana yadda matsin ya hau ya sauka. A 2008 kamfanin Alliant ya fito fili ya ce a daina amfani da albarushinsa Blue Dot a .41 Magnum, da kuma a .357 Magnum mai kai na giren 125, bayan ya sake gwaji. Mutane sun shekara suna bin waɗannan lambobi daga littafi. Wasu suna kawo wannan a matsayin hujjar cewa littafi ba abin dogaro ba ne. Mu kuwa akasin haka muka gani: wanda ya gano kuskuren mai na'ura ne, kuma ya sanar. Dubban gwanayen da suka yi ta harba wannan awo ba su ji komai a hannunsu ba. Abin da labarin ya nuna shi ne dattijonmu ya ajiye littafin da ya saya yana saurayi, ya nemi bugun bana.

Ba mu ce kada ya gwada ba. Sau da yawa ma ba shi da zaɓi. A 2013, sannan a 2020, kantunan Amurka sun yi watanni babu albarushi babu firaima, mutane suka riƙa sayen duk abin da suka samu. Kuma wani lokaci sabon yakan fi tsohon: ya fi zuba daidai a ma'auni, ya rage walƙiya a bakin bindiga, ko harsasansa su fi taruwa wuri ɗaya a jikin allo. Libarba tana da ɗan gibi tsakanin ganga da bututu, kaurin takarda ɗaya ko biyu, inda iska ke tsira, kuma gibin wannan bindiga ba ɗaya yake da na waccan ba. Saboda haka babu littafin da zai faɗa wa mutum awon da tasa bindigar ta fi so. Wannan shi zai nemo da kansa, kuma nan ne daɗin sana'ar yake. Fili ne mai faɗi, amma tsakanin lambobi biyu da wani ya riga ya auna.

Mun ce rabin saninsa ya daina aiki. Ɗaya rabin yana nan, kuma shi sabon shiga ba shi da shi. Dattijon ya san ba a ajiye gwangwani biyu a kan tebur lokaci guda. Ya san a juye ragowar tsohon albarushi daga ma'auni a mayar da shi gwangwaninsa kafin a zuba sabo. Ya san a jera kwanso a haska su da tocila ɗaya bayan ɗaya kafin a dasa kai, kuma ba a wannan aiki ana kallon talabijin. Kunnensa ya san ƙarar da ba ta cika ba, ya san idan ya ji ta sai ya sauke hannu, ya buɗe ganga, ya zura sanda a bututu.

Idan ya bi wannan rabin, ga yadda makonsa zai kasance. Zai ɗura shida a awon farawa, shida a sama da shi kaɗan, haka har kashi huɗu ko biyar, kowane kashi da takardarsa a jiki: sunan albarushi, lambar bugun da ke gindin gwangwani, nauyin kai, kwanan wata. Ranar Asabar ya tafi filin harbi da tabarau da abin toshe kunne da na'urar auna gudun harsashi. Wataƙila a kashi na uku ya ga gudun ya riga ya kai abin da littafi ya ce sai a awon ƙarshe za a samu. A nan zai tsaya, ya mayar da kashi na huɗu da na biyar cikin akwati. Da dare ya zauna da 'yar gudumar roba da ake zare kan harsashi da ita, ya warware su goma sha biyun ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da albarushin cikin gwangwani.